Mun Gaji Tun Kafin Alƙalin Wasa Ya Hura Usur

Malam Edita,

Ina roƙon ɗan fili in kawo kuka kan abin da ku 'yan jarida, na takarda da na rediyo da na intanet, kuke yi mana duk lokacin da wasan ƙarshe na wata babbar gasa ya ƙarato. Ni mai son ƙwallo ne, shafin wasanni nake fara buɗewa kafin na siyasa, don haka kada a ce maƙiyin tamaula ne ya rubuto. Amma maganar gaskiya, kafin ranar wasa ta zo kun riga kun cire mana ɗoki.

Mu ɗauki wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai na 2025. Inter Milan ta fitar da Barcelona ranar 6 ga Mayu, Paris Saint-Germain (PSG) ta fitar da Arsenal washegari, aka sa ranar karawa 31 ga wata a Munich. Sama da mako uku ke nan babu sabon abu, amma kullum sai an yi labari. A cikin kwana biyun farko mun ji duk abin da ake da shi: PSG ba ta taɓa cin kofin ba, Bayern Munich ta doke ta a wasan ƙarshe na 2020, Mbappe ya tafi Real Madrid neman kofin ga shi waɗanda ya bari sun kai, Inter ta sha kashi a hannun Manchester City a Istanbul a 2023, Hakimi tsohon ɗan Inter ne. Sai kuma zancen nan na cewa duk wasan ƙarshen da aka yi a Munich sabon zakara yake fitarwa: Nottingham Forest a 1979, Marseille a 1993, Dortmund a 1997, Chelsea a 2012. Ranar farko abin ya burge mu, har muka kai shi majalisa. Zuwa mako na biyu yaron mai shayi ma ya haddace. Ɗumame da daɗi da safe, amma wa zai yarda a riƙa ɗumama masa tuwo ɗaya har mako uku?

Wanda ya fi sosa mini rai shi ne labarin 'yar kocin PSG, Luis Enrique, wadda ta rasu a 2019 tana da shekara tara. Abin tausayi ne, kuma ya cancanci a faɗe shi sau ɗaya cikin mutunci. Amma aka mai da rashin da bawan Allah ya yi abin cike gurbi, duk wanda labari ya ƙare masa sai ya ɗauko shi ya sa hoto. A tarbiyyarmu ba a yawo da mutuwar ɗan wani haka.

Alhali ga abin faɗa nan jingim ba a taɓa ba, ko an taɓa sama-sama. Inter tawaga ce ta manya, Acerbi da ya farke ƙwallo a ragar Barcelona a ƙurarren lokaci shekararsa 37. Sun yi ta fafutukar gasar Italiya har wasan ƙarshe na kaka, Napoli ta ƙwace kofin da tazarar maki ɗaya, saura kwana takwas a je Munich. Ita kuwa PSG tun farkon Afrilu ta lashe gasar Faransa, tana da damar hutar da 'yan wasanta, kuma matasa ne masu jini a jika. A tsakiya tana da Vitinha da Joao Neves da Fabian Ruiz, waɗanda ba sa barin abokin karawa ya ɗaga kai. Dembele kuma an ɗauke shi daga gefe an sa shi a gaba, aikinsa ya hana mai tsaron raga da 'yan baya sakat. Da wani ya zauna ya warware mana wannan da Hausa, da mai kallo ya shiga gidan kallo da abin da zai sa wa ido. A maimakon haka aka yi ta ce mana wasa ne na kan-kan-kan, ba a san maci tuwo ba. Hakimi ya ci a minti na 12, Doue mai shekara 19 ya ƙara a minti na 20, PSG ta ci 5 da nema, ratar da ba a taɓa gani ba a wasan ƙarshe na wannan gasa. Surutun mako uku ya rushe cikin minti ashirin.

Na san dalilinku, ban ce ba ku da uzuri ba. Shafi ba ya fita fanko, shirin rediyo na minti talatin dole a cika shi, mai shafin Facebook kuma yawan masu latsawa ne abincinsa. Sunan babban kulob yana jan mutane ko da babu komai a ƙarƙashin kanun. Ga kuma sauƙi: a buɗe shafukan Turawa, a fassara abin da suka rubuta, a canza kanu. Shi ya sa za ka ji labari ɗaya a tasha biyar da jimloli iri ɗaya. Su ma can ba su tsira ba. A Amurka mako biyu ake bari tsakanin wasannin kusa da na ƙarshe da babban wasansu na Super Bowl, har dare guda ake warewa don 'yan jarida su yi wa 'yan wasa tambayoyi, kuma 'yan kallonsu kan koka da irin wannan gajiya. To amma su tallar maƙudan daloli suke sayarwa da surutun. Mu fa, datarmu ce ke ƙonewa.

Sai batun hasashe, wanda ya zama sana'a. Kowa ya zama ɗan duba: wane zai ci biyu da ɗaya, wane zai fara jefa ƙwallo. Idan ka lura da kyau, sau da yawa tallar kamfanin caca na maƙale a gefen irin wannan sharhi. Ban zargi kowa da karɓar na goro ba, amma matashin da aka kwana goma ana gaya masa sakamako tabbas ne, ba sai an nuna masa hanyar shagon caca ba.

Idan kuma tamu ce ta kai wasan ƙarshe, abin ya wuce gajiya, ya koma ɓarna. Ku tuna gasar cin Kofin Nahiyar Afirka da aka yi a Kwaddibuwa. Najeriya ta fitar da Afirka ta Kudu a bugun fenariti ranar 7 ga Fabrairun 2024 a Bouake, wasan ƙarshe kuma da mai masaukin baƙi Kwaddibuwa ranar 11 ga wata a Abidjan. Kwana huɗu kacal, amma a cikinsu an gama ɗaga kofi a baki. Hujjar da aka yi ta nanatawa ita ce mun doke su ɗaya da nema a wasan rukuni, kuma ƙwallo biyu kawai aka zura mana tun fara gasar. Duk gaskiya ne. Abin da aka rage wa murya shi ne, tawagar da muka doke ba ita za mu sake haɗuwa da ita ba. Sun sallami kocinsu Jean-Louis Gasset bayan Equatorial Guinea ta lallasa su huɗu da nema, Emerse Fae ya karɓa. Sebastien Haller da Simon Adingra, waɗanda rauni ya hana su buga wasan farko da mu, sun dawo, Haller ɗin ma shi ya ci ƙwallon da ta fitar da Kwango a wasan kusa da na ƙarshe. Da ranar ta zo Troost-Ekong ya fara ci mana, sai Adingra ya buga wa Kessie kwana ya farke, ya sake ba Haller ya ci ta biyu a minti na 81. Mutanen da aka yi wa alkawarin kofi suka tashi neman wanda za su huce a kansa, suka faɗa wa Alex Iwobi da zagi a intanet, har sai da kyaftin Ahmed Musa ya fito ya roƙi jama'a su daina. Masu zagin su ke da alhakin bakinsu, amma wanda ya cika su da iska kwana huɗu shi ma yana da kaso.

Wani abin takaicin, filin da ake ɓatawa wajen maimaici akwai masu buƙatarsa. Kwana ɗaya bayan wasan Munich, ranar 1 ga Yunin 2025, Pyramids ta Masar ta doke Mamelodi Sundowns a Alƙahira ta ɗauki Kofin Zakarun Afirka karo na farko. Tambayi 'yan gidan kallo mutum nawa suka san an yi. A Yunin 2024 El-Kanemi Warriors ta Maiduguri, tana rukuni na biyu a lokacin, ta doke Abia Warriors biyu da nema a Legas ta ɗauki Kofin Ƙalubale na ƙasa, wanda rabonta da shi tun 1992. Wannan labari ne da ɗan jaridarmu zai iya zuwa da ƙafarsa ya samo, ya zauna da koci, ya ji ta bakin 'yan wasa da Hausa ko Kanuri, ya kawo abin da babu wani shafin Turawa da ke da shi. Na san tafiya kuɗi take ci, fassara kuwa kyauta ce. Amma ai don abin da ba za mu samu a waya ba muke sayen jarida.

Roƙona, Malam Edita, ba mai tsada ba ne. Idan wani wasan ƙarshen ya zagayo, ku ba mu labari ranar da aka san masu karawa, sannan ku ƙyale mu mu sarara. Idan wani ya ji rauni ko an dakatar da shi, layi uku sun isa. Ana jibi wasa ku sa wanda ya san ƙwallo da gaske ya rubuta sharhi ɗaya mai ƙwari: yadda kowane koci ke tsara 'yan wasansa, inda kowace tawaga ke da rauni, wa ya gaji, wa ya dawo. Ku faɗi ƙarfe nawa za a take wasa agogon Najeriya da Nijar, da tashar da za ta nuna, don wannan ɗan bayanin sau da yawa sai mun yi ta tono kafin mu gan shi a ƙasan dogon sharhi. Kwanakin da ke tsakani kuwa ku aika wakili Filin Wasa na Sani Abacha a Ƙofar Mata, ko na Muhammadu Dikko a Katsina, ya kawo mana halin da Kano Pillars da Katsina United suke ciki.

 

Naku,
Mai karanta shafin wasanni,
daga Fagge, Kano.