Kokowa a Buza: An Ɗora Jinka Ba a Tada Bango Ba

Duk shekara, in an kai amfanin gona rumbu sanyi ya fara busawa, ƙasar Nijar kan tsaya cik har kusan kwana goma. Ma'aikaci ya bar takardu bisa tebur ya kafa kunne ga rediyo, ɗan kasuwa ya bar yaronsa da awo ya nufi inda aka kunna talabijin, mai shayi kuwa ya yi ciniki irin na jajibirin salla. Ƴan kokowa tamanin ne ke fage, goma daga kowace jiha cikin jihohi takwas, kowa na neman takobi. A rumfar manya ana ta gyara babbar riga, ana jawabi a kan gadon kakanni da haɗin kan ƙasa. Ba laifi. Amma akwai tambayar da ba a taɓa jin wani mai jawabi ya yi ba: waɗannan goma da jihar Tawa ke turowa, daga ina suka fito, kuma ina ɗaruruwan samarin Buza da Madawa da Keita da aka tankaɗe kafin a samu goman?

Kokowa ba gwamnati ta ƙirƙiro ta ba. Tun kafin zuwan Nasara, in kaka ta yi, samarin wannan gari kan ɗauki makaɗansu su tafi wancan gari, a yi kirari, a yi kaye, ƴan mata su yi guɗa, dattawa su raba gardama, a ci tuwo a watse. Abin da hukuma ta yi shi ne ta ɗauko wannan al'ada ta sa mata hula. Seyni Kunce ya karɓi mulki a watan Afrilu na 1974, ƙasa na fitowa daga fari da yunwa, yana neman abin da zai tara Bahaushe da Bazabarme da Babarbare da Buzu da Bafillace a inuwa guda. Sai ga samariya, sai ga kokowar ƙasa. A 1975 aka buɗe gasar farko, kuma a garin Tawa aka buɗe ta. Yakuba Kantu na Maraɗi ya ɗauke ta. Daga nan sunaye suka shiga bakin yara: Salma Ɗan Rani na Doso, Langa-Langa na Damagaram, da na Tawa irin su Kadade Zambo da Kasu Kazuga, daga baya Haruna Abdu. A ƙarshen 2023, a Agadas, Isaka Isaka na Doso ya ɗauki takobinsa na shida. Filayen kokowa na Maraɗi da Doso da Damagaram suna ɗauke da sunayen Kantu da Salma da Langa-Langa, na Tawa kuma da sunan Hamidin Maiɗare.

A yaba wa soja inda ya cancanci yabo. Sai dai a faɗi gaskiya: biki ya kafa, bai kafa gasa ba. Biki na zuwa sau ɗaya a shekara, daga sama, da jiniya da tawagar motoci. Gasa kuwa abu ce da ake yi mako-mako a ƙasa, da jadawali da alƙali da littafi. A zamanin samariya wannan giɓi bai fito fili sosai ba, domin kowane ƙauye yana da sarkin samari da ke iya tara matasa da ganga ɗaya. Da aka yi babban taron ƙasa na 1991, aka shiga mulkin jam'iyyu da yawa, sai aka dubi samariya da idon kayan aikin mulkin kama-karya, aka bar ta ta mutu. To, an ji. Me aka kafa a gurbinta? Ambulan. Ɗan siyasa ya zo bakin fage, maroƙi ya faɗi sunansa da na jam'iyyarsa, ya miƙa kuɗi ga wanda ya yi kaye, ya shiga mota. Washegari ba wanda ya san inda wanda aka kayar ya kwana.

A 2004 aka zaɓi majalisun ƙananan hukumomi karo na farko, aka ce mulki ya sauko kusa da talaka. Gundumar Buza na da bakwai: Buza, Allakai, Babban Katami, Dewule, Karofan, Tabotaki da Tama. Madawa na da shida, har da Bangi da Urno da Sabon Gida. Keita na da huɗu: Keita, Tamaske, Garhanga da Ibohaman. Goma sha bakwai ke nan, kowace da hatiminta da kasafinta da mai karɓar kuɗin kasuwa. A 2024 aka rushe majalisun aka naɗa kantomomi. Zaɓaɓɓe ya zo ya wuce, naɗaɗɗe ya zauna, amma abin da ɗan kokowar ƙauye ya sani bai sauya ba: in takobi ya matso a yi shela, a tara mutane kwana biyu ko uku a yi tankaɗe da rairaya cikin gaggawa, a ɗauki na ɗauka, sauran a ce sai baɗi in Allah ya kai rai.

In aka tada wannan magana a gaban masu riƙe da akalar wasanni, amsarsu a shirye take. Kokowa, in ji su, al'ada ce, ta sha'awa ce, ba sana'a ba. In aka sa mata tsari da kuɗi za ta lalace. Masu wannan magana suna zaton su suka fara yin ta. Su saurari tarihin wani wasa da ba a san shi sosai a Adar ba, wato ƙwallon zari-ruga, wanda shi ma rabinsa kokowa ne, domin kama mutum ake a kayar.

A Ingila aka kafa hukumar wannan wasa a 1871, kuma ƴaƴan masu hali da suka fito manyan makarantu suka kafa ta. Ba a jima ba wasan ya bazu zuwa arewacin ƙasar, yankunan Yokshaya da Lankashaya, inda masu buga shi leburori ne na ramin kwal da masaƙu. Lebura a lokacin yana aiki har ranar Asabar, ranar wasa ke nan. In ya tafi fili an yanke masa ladan yini, in ya karye ba mai ciyar da iyalinsa. Sai ƙungiyoyin arewa suka nemi abu ɗaya tak: a yarda a mayar wa ɗan wasa kuɗin yinin da ya rasa. Ba albashi suka nema ba, diyya ce. A taron hukumar na 1893 a Landan aka kada su da ƙuri'a 282 a kan 136, da hujjar cewa wasa na sha'awa ne, kuɗi zai ɓata shi. Masu wannan hujja lauyoyi ne da likitoci da ƴaƴan attajirai, waɗanda ba a taɓa yanke wa ladan Asabar ba. Ran 29 ga Agusta 1895 ƙungiyoyin arewa suka taru a wani otal a garin Hadasfil suka ɓalle, su ashirin da biyu, suka kafa tasu gasar, suka yanke diyyar sule shida a yini. Hukumar Landan ta rama da haramci: duk wanda ya taka filin ƴan arewa, ko bai karɓi ko anini ba, an kore shi har abada.

Shekara ɗari cif suka riƙe wannan taurin kai, alhali kowa ya san ana cusa wa ƴan wasa kuɗi a takalmi. A Faransa ma, wani attajiri mai masana'antar huluna a ɗan ƙaramin garin Kiyan, Jan Burel, ya kwaso gwanayen maƙwabta ya ba su aiki a masana'antarsa, garinsa ya ci gasar ƙasa a 1929. A 1931 Turawan Ingila da ƴan uwansu suka daina wasa da Faransa, suna zarginta da biyan ƴan wasa a ɓoye. Sai a watan Agusta na 1995, a birnin Pari, bayan gasar duniya da aka yi a Afirka ta Kudu, hukumar duniya ta sallama, ta ce a biya a fili. Wanda ya san yadda ake zawarcin gwanin kokowa daga wannan jiha zuwa waccan da alkawarin babur ko fili ko aiki, ba ya bukatar a yi masa fassarar labarin mai huluna. Kuɗi sun daɗe da shiga kokowar Nijar. Takobi kansa da miliyoyin sefa yake tafe, ban da kyaututtukan ƴan kasuwa da kamfanoni. Abin da ya rage shi ne a san ina kuɗin ke tsayawa, kuma a sama suke tsayawa, hannun mutum huɗu ko biyar, kamar ruwan da ya sauka kan dutse.

Akwai kashi na biyu na tarihin, kuma shi ya fi shafar Buza. Hukumar Ingila ta shekara fiye da ɗari tana ƙin kafa gasar jadawali, don tsoron kada ta jawo kuɗi da rigima. A 1987 ta haƙura. Aka jera ƙungiyoyi wajen dubu cikin rukunoni 108, daga manyan birane har ƙauyukan da ba su da komai sai fili da ɗakin sauya tufa. Rukunonin ƙasa-ƙasa na yanki ne, maƙwabci da maƙwabci, don kada kuɗin mota ya kashe ƙungiya. Wanda ya yi na ɗaya ya hau rukuni na gaba, na ƙarshe ya sauka. Masu buga waɗannan ƙananan rukunoni har yau mahauta ne da malaman makaranta da direbobi, ba mai ba su albashi. Amma an rubuta sakamakon kowane wasa, kuma jika na iya nemo ranar da kakansa ya ci.

A je ofishin gundumar Buza a nemi sunan wanda ya fi kowa kaye a Karofan a 1985, ko a Tama a 1998. Sai dai a nemo tsohon makaɗi, in yana da rai. Abin takaicin shi ne ƙasar ba baƙuwar lissafi ba ce. A shekarar da aka buɗe kokowar ƙasa, 1975, a ita ce ƙungiyar CARE ta fara dasa layukan bedi masu kare iska a kwarin Majiya, kuma an auna tsawon layukan, an rubuta. Aikin raya karkara na Keita, wanda Italiya da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka fara a 1984, an ƙirga itatuwansa da ganuwoyin dutsen da mata suka jera da hannu. Buhun albasar da ya fito kwarin Tarka ya bi hanyar Madawa ba ya wuce shinge sai an ba shi takarda. Ana lissafin itace da buhu, ba a lissafin mutum.

Kuma mutumin nan yana biyan farashi. Kowa ya san Ba'adare da bida. Da an gama girbi samari sun ɗaure kaya, wasu Abijan, wasu Najeriya, wasu Kamaru, wasu Libiya da Aljeriya. Lokacin kokowa shi ne lokacin bida. Saurayin da ya zauna gida don ya yi atisaye ya jira tankaɗe, ya yi asarar abin da zai aiko wa uwarsa na rani guda, daidai da leburan kwal da ladan Asabar ɗinsa. In ya goce ƙashi ko ya karye, maɗori ne da dangi. Yau gwanayen da suka fi ƙarfi a ƙauyukan Dewule da Garhanga, wa ya sani ko suna can suna dakon kaya a wata tasha a bakin teku? Jihar Tawa na zaɓen goma daga cikin waɗanda suka rage, sannan a zo ana mamaki in takobi ya daɗe bai kwana gida ba.

Abin da ake bukata bai kai gina fili mai benaye ba. Kowace ƙaramar hukuma ta tsayar da tawagarta. A yi jadawali daga ƙarshen kaka zuwa shigar bazara, a riƙa karawa ranar kasuwa, yau a nan, mako mai zuwa a can, gunduma-gunduma, sannan zakarun Buza da Madawa da Keita su haɗu. A samu alƙalai da aka koyar, da ma'aikacin lafiya a bakin fage, da littafi guda mai bango mai ƙarfi wanda sakatare zai riƙe. A yanke diyyar yini ga duk wanda ya shiga fage, ko ya yi kaye ko an kada shi, a faɗe ta a fili yadda kowa zai ji. Sa'an nan goman da za a tura takobi su fito daga littafin, ba daga aljihun wani ba.

Za a ce babu kuɗi. Ana samun kuɗin man motocin tawaga da na masaukin manyan baƙi duk shekara, ko a shekarar da ma'aikata suka yi watanni suna jiran albashi, kamar yadda aka sha gani bayan karyewar darajar sefa a Janairun 1994. Za a ce garuruwa za su yi faɗa. Garuruwan nan sun yi ɗaruruwan shekaru suna kokowa da juna ba jandarma. Abin da ke kawo faɗa shi ne zaɓen da ba a san ƙa'idarsa ba.

Su ma ƴan kasuwa ba su kuɓuta daga zargi ba. Alhajin da ke iya watsa jika ɗari biyar a fagen takobi cikin minti biyu, don maroƙi ya kira sunansa a Muryar Sahel, da rabin wannan zai ɗauki nauyin tawagar garinsu wata guda, har da kuɗin mota da magani. Kasuwar da aka yi kokowa a bayanta ranar ci, mai goro da mai tsire da mai ɗaukar fasinja duk sun san abin da za su kwasa. Ma'aikatan da aka turo aiki Buza suna ƙorafin gari ba abin yi in rana ta faɗi, su ne suka iya jadawali da rajista da rubuta rahoto, kuma littafin da ake magana kuɗinsa bai kai jika biyu ba a kantin da ke kusa da tasha.