An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Manhajar Waya Da Talakan Lambu

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, da ku matasan ma'aikata da ba ku daɗe da barin wannan harabar ba, kwanakin baya na halarci wani taron ƙara wa juna sani a zauren wani babban otal. An tara masana ne don su gano dalilin da ya sa masu noman lambu ba su rungumi manhajojin ba da shawarar noma da aka ƙago musu a wayar salula ba. An sha shayi, an ci kaji, an haska allo. Manomi ko guda ban gani a zauren ba, sai dai hotonsa da aka manna a bango yana murmushi. Da aka zo yanke hukunci kuwa, baki ya zo ɗaya: wai manomi jahili ne, mai riƙon gargajiya, mai tsoron sabon abu, maganinsa kurum a wayar masa da kai. Ni kuwa na ce wannan hukunci zalunci ne, kuma irinsa ne 'yan boko muka gada daga Turawan mulkin mallaka, waɗanda duk lokacin da shirinsu ya ci tura sai su ce laifin talaka ne.

Bari mu fara da zancen tsoron sabon abu. Shin tumatir ɗin da ake lodawa a Kwanar Gafan zuwa Ikko, gadon kaka da kakanni ne? Asalinsa daga Kudancin Amurka ya fito. Kabeji da karas da latas duk baƙi ne a ƙasar Hausa, amma ga su nan shimfiɗe a fadamunmu. Da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ya bi magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, manoman da ba su taɓa ganin irin wannan ban-ruwa ba suka koye shi cikin 'yan shekaru. Da injin ban-ruwa mai shan fetur ya bazu a fadamu, wa ya kira taro a otal kafin manomi ya jingine jigo? Ya ga maƙwabcinsa ya shayar da fangali ɗari kafin shi ya gama ashirin, sai ya sayar da akuya ya sayi nasa. Gani ya kori ji.

Ita wayar ma ai ba baƙuwarsa ba ce. Tun da asuba mai lambu yake bugawa kasuwar Mile 12 ta Ikko ya ji yadda kwando ya kwana. Da waya yake neman mota, da ita yake karɓar kuɗin cinikinsa, da ita yake aika wa ɗan'uwansa saƙon murya ta WhatsApp haɗe da hoton ganyen da ya ƙanƙance. Ashe ke nan wayar ya karɓa hannu biyu-biyu, manhajar masana ce ya duba ya ajiye. Ruwa kuwa ba ya tsami banza. Ga dalilan, waɗanda duk wanda ya wuni guda a lambu zai gane su.

Na farko, harshe da rubutu. Akasarin waɗannan manhajoji da Ingilishi suke magana, in kuma an yi abin kirki an fassara, sai a zo da wata Hausa ta ofis wadda ko mu da muke karanta ta a jami'a sai mun koma ga Ingilishin kafin mu gane. Sannan komai da boko aka rubuta. Dattijon da ya sauke Alƙur'ani, yake rubuta lissafin bashinsa da ajami, shi ne fom ɗinmu yake kira wanda bai iya karatu ba. Ba yau muka fara yi masa haka ba, domin a 2007 an cire ajami daga ƙananan takardun naira ba tare da an tambaye shi ba. Wane ne jahili a nan, wanda ya iya rubutu guda, ko wanda ya zo koyar da mutane bai san da wane rubutu suke karatu ba?

Na biyu, kuɗi da sabis. Manhajar da ke duba hoton ganye ta faɗi cutarsa tana buƙatar babbar waya, da data, da caji. Mafi yawan 'yan lambu ƙaramar waya mai madannai ce a aljihunsu, wadda ke kwana uku ba a kai ta wurin mai caji ba, kuma ko ta faɗa cikin laka a goge a ci gaba. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. Matar da ke tsinkar alayyafo ko shanya kauɗa kuwa, sau da yawa wayar gidan tana aljihun maigida. Ko an sami wayar, sai an hau tudu ana ɗaga hannu kafin saƙo ya shiga. Kada kuma mu manta, a watan Satumban 2021 an katse layukan waya a jihar Zamfara baki ɗaya da ƙananan hukumomi 13 na Katsina saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka shafe makonni babu kira. Wanda ya jingina lambunsa da waya a lokacin, ina ya kama?

Na uku, kuma shi ne gishirin maganar: shawarar da babu halin aikata ta, surutu ce. A 2016 tsutsar nan da manoma suka laƙaba wa suna sharon, wadda masana ke kira Tuta absoluta, ta auka wa tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa. Tana shiga cikin tsokar ganye ta ɓuya inda feshi ba ya kai mata sosai, tana kuma saurin sabawa da magani. Gwamnatin Kaduna ta kai ga kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir, babbar masana'antar tumatir ta Kadawa da aka buɗe a shekarar ta tsaya don rashin abin markaɗawa. To, a ce manhaja ta gane tsutsar, ta faɗi sunan magani. Manomi ya je kasuwa, ko dai babu shi, ko ya fi ƙarfin aljihunsa, ko kuwa jabu ne aka ɗura a kwalbar gaske. Me waya ta ƙara masa ban da sunan abin da ya kashe shi? Haka kuma saƙo zai ce a yi ban-ruwa duk bayan kwana kaza. Da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce naira 1,000. Manomi ya san ranar da tattasansa ke jin ƙishi tun kafin a haifi mai manhajar. Abin zuba wa injin ne ya gagare shi.

Na huɗu, kasuwa. Hatsi yana jira a rumbu, tumatir kuwa kwana kaɗan yake ba ka ya ruɓe. Sanin farashin Ikko bai tsinana wa mai lambu komai ba idan dillalin da ya ranta masa kuɗin iri da taki tun lokacin dashe shi ne zai yanka wa kwando kuɗi. A farkon 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha ta Badun, da aka tare motocin abinci daga zuwa Kudu, tumatir da albasa suka yi kwantai a kasuwannin Arewa. A farkon 2023 ƙarancin takardun kuɗi ya sake durƙusar da masu kayan gwari ana tsakiyar ɗiba. Wace manhaja ce ta saye ko kwando guda a waɗannan ranaku?

Na biyar, amana. Idan maye ya manta, uwar ɗa ba ta manta ba. A 2012 gwamnatin tarayya ta fito da shirin raba taki ta saƙon waya, buhu biyu a rabin kuɗi. A yi adalci, wasu sun samu, kuma shirin ya rage hannun 'yan kwangila na ɗan lokaci. Amma da yawa an rubuta sunayensu saƙon bai iso ba, wasu ya iso bayan lokacin zuba taki ya wuce, bayan sauyin gwamnati na 2015 kuwa shirin ya shiririce, dillalan taki suna bin gwamnati bashi. Tun daga nan matasa masu riguna iri ɗaya suke ta zuwa ƙauye suna karɓar suna da lambar waya da hoton gona, su tafi ba a sake jin ɗuriyarsu. Ƙari a kan haka ga 'yan damfara da ke bugo waya da sunan tallafi su kwashe ɗan abin da ke asusu. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya ja da baya. In malamin gona ya ba da gurguwar shawara, an san gidansu, an san ofishinsu. In manhaja ta sa ka ƙone lambunka da magani, wa za ka kai ƙara wurin dagaci?

Wani zai ce to ni maƙiyin ci gaba ne. Ko kusa. Hasashen yanayi da ya iso a kan kari yana ceton dashe, hoton ganye da ya isa hannun masani cikin minti guda yana ceton lambu. Abin da nake yaƙa shi ne yaudarar da ake yi da sunan waya. Tun shirye-shiryen raya noma na Funtua da Gusau da Gombe da aka fara a 1975 da rancen Bankin Duniya, an san malamin gona da babur ɗinsa yana zaga ƙauyuka. Da kuɗin bankin ya ƙare sai aka bar aikin ya lalace, waɗanda suka yi ritaya ba a maye gurbinsu ba, har ta kai malami guda yana da dubban manoma a wuyansa, babu babur, babu mai. Yanzu sai a miƙo manhaja a ce ta wadatar. Gwamnati ta huta da biyan albashi, ɗan kwangila ya karɓi kuɗin ƙirƙira, mai ba da tallafi ya sami adadin waɗanda aka yi wa rajista ya sa a rahotonsa. Kowa ya ci riba sai wanda aka yi abin da sunansa.

Saboda haka muna kira da babbar murya. A ɗauki malaman gona, maza da mata, a ba su abin hawa, a sa wayar a hannunsu ta zama kayan aikinsu kamar yadda fartanya take ga manomi. Shawara ta zo da murya, cikin Hausar da ake yi a lambu, ta ƙaramar waya da rediyo, kuma kyauta. A haɗa kowace shawara da wurin da za a sami sahihin magani, a kuma hukunta masu sayar da jabu. A taimaki ƙungiyoyin 'yan lambu su mallaki injunan ban-ruwa masu aiki da hasken rana da wuraren adana kaya, don su iya ce wa dillali a'a. Duk wanda ya karɓi sunan manomi da lambarsa kuma, a tilasta masa ya faɗi inda zai kai su.

Mu kuma ɗalibai, musamman na tsangayar aikin gona da masu koyon ilmin kwamfuta, da kuɗin harajin waɗannan talakawa aka gina azuzuwan da muke zaune a ciki. Samaru ta fara binciken noma tun 1922, amma har yau tsakanin ɗakin bincike da fangali akwai tafiya mai nisa, kuma mu ne ya kamata mu taka ta. Kafin ɗayanmu ya sake rubuta a kundin digirinsa cewa manomi ba ya son ci gaba, ya je Kadawa ko Kura lokacin ɗiba, ya wuni yana ɗaukar kwando, ya tsaya ya ga yadda ake yanka masa kuɗi. Ku kuma da kuka fara aiki a ma'aikatu, ranar da aka kawo takardar sabuwar manhaja teburinku, ku tambaya manoma nawa aka zauna da su kafin a ƙera ta, da wane harshe take magana, wa kuma zai biya in ta jawo asara. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya da aiki da ita, amin.