Yaƙi da haki a gonaki da garake na Adar: maganin da ke hannunmu

A kasuwannin Tawa, Barmu da ƙauyukan da ke kewaye da su, maganin kashe haki ya zama kayan tebur, ana sayar da shi kusa da sabulu da gishiri. Dalilin wannan ba ɓoyayye ba ne. Samarin Adar da yawa suna tafiya ci-rani Abijan, Libiya ko Nijeriya, wasu ba su dawowa sai noman farko ya wuce. Gayya ta ragu, kuɗin ƙwadago ya hau, shi ya sa maigida yake ganin kwalba guda ta fi masa sauƙi.

To amma da yawa daga cikin waɗannan kwalabe suna shigowa ta kan iyaka ba tare da izinin kwamitin ƙasashen Sahel mai tantance magungunan gona ba, wanda ke ƙarƙashin ƙungiyar CILSS. A shekarar 2011 wannan ƙungiya ta haramta maganin da ake kira parakwat, saboda ɗan kaɗan daga cikinsa yana kashe mutum, kuma ba shi da makari. A garka, inda rijiyar ban ruwa ita ce rijiyar sha, hatsarin ya ninka.

Babban abokin gabar hatsi da dawa shi ne ƙuduji, kuma feshi ba ya gama da shi. Yana manne wa saiwar shuka, ya tsotse ta tun yana cikin ƙasa, kafin a ga furensa. Tushe guda yana zubar da ƙwayoyin iri dubbai, waɗanda za su iya kwana cikin ƙasa fiye da shekara 10. Saboda haka wajibi ne a cire shi da hannu kafin ya yi iri, a tara shi, a ƙone. Wanda ya bari sai bayan girbi ya shuka wa kansa wahalar shekaru masu zuwa.

Dabara ta biyu ita ce sauya shuka. Saiwar wake, gyaɗa da riɗi tana sa irin ƙudujin hatsi ya tsiro, amma ba ya samun abin kamawa, sai ya mutu. Wake kuma yana da nasa ƙuduji daban, don haka a nemi irin da ke jure masa wajen hukumar INRAN, wadda aka kafa a 1975.

Ta uku ita ce taki, domin ƙuduji ya fi ƙarfi a gonar da ta gaji. Adar tana da gado a nan. Aikin raya kwarin Kaita ya fara a 1984. A 1989 manoman Ilela suka ziyarci Yatenga ta Burkina Faso, suka dawo da ingantacciyar tassa, wato rami mai tara ruwa da taki a gindin shuka. Sai dai a ruɓar da takin cikin rami tukuna, gama kashin dabbobi ɗanye yana ɗauke da irin haki iri-iri.

A garakan albasa da tumatir, shimfiɗa kara ko busasshiyar ciyawa tsakanin shuke-shuke tana hana haki samun rana, tana kuma rage ban ruwa. Matsalar ita ce kara abincin dabbobi ne da rani, yana da kuɗi, sai kowane gida ya auna abin da zai iya warewa. Ana kuma iya ba fangali ruwa kafin dashe, a bar haki ya fito, a kankare shi, sannan a dasa.

Akwai shawarar da ke yawo cikin wayoyin salula, cewa a zuba gishiri ko ruwan kal. Gishiri yana kashe haki, amma yana zama cikin ƙasa, kuma a inda ruwan sama bai isa ya wanke shi ba, fangalin ya lalace ke nan. Ruwan kal kuwa ganye kawai yake ƙonewa, saiwa ta sake tohowa.

Abin lura shi ne iska, ruwa da dabbobi suna kai irin ƙuduji daga gona zuwa gona. Idan mutum ɗaya ya cire, maƙwabcinsa ya bari, aikin ya tashi a banza. Ya kamata masu gari, ƙungiyoyin manoma da magajin garin Barmu su tsayar da ranakun cire ƙuduji tare a kowace damina, malaman gona kuma su riƙa karanta wa jama'a sunayen magungunan da aka hana a ranar kasuwa.