Gida da Gona: A Ba Mai Kala Yini Guda

Ga kaka ta zo, 'yan'uwa. Duk wanda ya bi hanyar Zariya daga Kano a ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, da ya kai Kura ya nufi Kadawa, zai ga gonakin shinkafa cike da mutane. Ga masu yanka da lauje, ga samari suna bugu a kan duro, ga mata suna shiƙa, ga masu ɗinke buhuna. Idan ya ƙara duba can baya, inda aka riga aka kwashe, zai ga waɗansu mata da yara a sunkuye, kowa da ƙwarya ko tsohon buhu, suna tsintar zangarniyar da ta kuɓuce wa lauje. Su ne masu kala. A kansu za mu yi magana a wannan wata, domin maganar Allah ta daɗe da yin magana a kansu.

Bari mu fara da yadda ƙasar take a dā. Tsofaffin Kura da Bunkure da Garun Malam suna tunawa da lokacin da gonakin nan suke na dawa da gero, ga wake a ƙarƙashinsu, ga rama da yakuwa a gefe. Akwai ɗorawa, da kuka, da tsamiya a tsakiyar gonaki, akwai kuma saura da ɗan daji inda ake samun itace. Gwauruwa wadda ba ta da gonar kanta takan rayu a kan waɗannan. Ta sami kalwa ta yi daddawa, ta sami kuka ta kaɗa miya, ta yi itace ta sayar, ta yi roron wake a ba ta nata. Ba wanda ya kira wannan taimako. Haka Allah ya shirya ƙasar, ya bar wa matalauci abin lasa a gefe.

Sai aikin ruwa ya zo. An fara gwaji a Kadawa a farkon shekarun 1970, aka gama madatsar Tiga a 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako, daidai lokacin da jama'a ba su gama farfaɗowa daga farin 1973 ba. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are, wadda aikin ya koma hannunta. An tsara kashi na farko ya shayar da hekta 22,000. Ruwa ya taso daga Tiga, ya ratsa Ruwan Kanya, ya shigo ta babbar kanal ya rarrabu cikin gonaki. Kada kowa ya raina wannan albarka. Mutumin da a dā yake ɗaure tabarmarsa ya tafi ci-rani da zarar an gama girbi, yau ga shi a gida yana noma sau biyu a shekara. Kura ta zama garin shinkafa, kasuwar Kwanar Gafan ta zama ta tumatir, 'ya'ya da yawa sun yi makaranta da kuɗin noman rani.

Amma kafin ruwa ya gudu sai an baje ƙasa. Katafila ba ta san ɗorawar kakan wani ba. Itatuwa suka faɗi, saura ta ƙare, gefen gona ya zama kunyar fangali da bakin magudana. Wata Baturiya mai bincike, Cecile Jackson, ta yi nazarin zaman mata a wannan aiki, littafinta ya fito a 1985, ta kuwa nuna cewa matan Maguzawa, waɗanda suka saba noma gayaunarsu su ci gashin kansu, sun fi matan kulle jin jiki da wannan sauyi. Da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi jikokin waɗannan mata ne. Abin da nake so mu gane shi ne, gefen da ƙasa take barin wa matalauci da kanta ya tafi. In za a sami wani gefe yanzu, sai dai mai gona ya bar shi da gangan.

To, me Littafi Mai Tsarki ya ce? A Littafin Firistoci sura 19, aya 9 da 10, Ubangiji ya hana mutanensa girbe gona har iyakarta, ya kuma hana su komawa tsintar abin da ya zube. An maimaita wannan a sura 23. A Maimaitawar Shari'a sura 24 aka ƙara da cewa ko dami guda mutum ya manta a gona, kada ya koma ɗauka. An kuma faɗi masu shi: baƙo, da maraya, da gwauruwa. Ku lura da abu guda a nan. Ba a ce mai gona ya kwashe duka ya kai rumbu, sa'an nan ya ɗebi mudu ya bayar a ƙofar gida ana yi masa godiya ba. Cewa aka yi kada ya taɓa shi tun fari, domin ba nasa ba ne. Mai kala ba bara take yi ba. Aiki take yi da ƙugunta, a cikin rana, tana ɗaukar rabon da Mai ƙasar ya yanka mata. Ta koma gida da mutuncinta, ba ta durƙusa wa kowa ba.

Wanda yake so ya ga yadda wannan doka take idan ta shiga zuciyar mutum, sai ya karanta Littafin Rut sura 2 tare da iyalinsa a daren nan. Rut gwauruwa ce, baƙuwa ce daga Mowab, tana kuma riƙe da surukarta Na'omi, wadda ita ma gwauruwa ce. Ta faɗa gonar Bo'aza a Baitalami lokacin girbin sha'ir. Abin da shari'a ta ɗora wa Bo'aza kaɗan ne, ya ƙyale ta kawai. Amma ya fara da tambayar ko ita wace ce. Ya ce ta tsaya a gonarsa kada ta yi ta yawo. Ya gargaɗi samarinsa kada su dame ta. Ya ce in ta ji ƙishi ta sha daga ruwan da aka ɗebo wa ma'aikata, ya kira ta cin abinci tare da su. Sa'an nan, ba a gabanta ba, ya ce wa masu girbi su riƙa zare zangarku daga cikin dami suna yar mata, kada kuma su tsawata mata. Wannan na ƙarshe ya fi burge ni. Ya ƙara mata, ya kuma ɓoye hannunsa, don ta ɗauka ƙoƙarinta ne. Da yamma ta sussuke abin da ta tara, ya kai awon da Ibraniyawa suke kira efa, wato ya ɗara garwa guda.

Na san abin da manomin Kadawa zai ce. Zai ce, Malam, Bo'aza gonar gado yake nomawa, ruwan sama yake sha kyauta. Ni haya na kama. Na biya kuɗin ruwa, na biya tarakta, na sayi iri da taki da maganin feshi, na biya masu dashe da masu korar tsuntsu. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, kuɗin injin ban ruwa da na mota duk sun hau. Buhunan nan da kake gani, rabinsu na mai bashi ne. Zai kuma tuna mini da 2016, shekarar da tsutsar nan da manoma suka sa wa suna sharon ta cinye tumatir, mutane suka wayi gari ba uwa ba riba. Gaskiyarsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ba kuwa zan zauna a inuwa in ce noman rani wasa ne ba.

Akwai kuma wata matsala da Bo'aza bai sani ba, ita ce gaggawa. Alkama tana son sanyin hunturu, don haka wanda zai shuka ta yana so ta shiga ƙasa daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba. Mai tumatir da mai albasa su ma dashensu yana jira. Saboda haka yau a kwashe shinkafa, gobe a cinna wa kara wuta ko a sa tarakta. A gonar damina ta dā, abin da ya zube yakan kwana a ƙasa makonni, mai kala ta zo lokacin da ta ga dama. A gonar kanal, in ba ta samu a cikin kwana ɗaya ko biyu ba, ta rasa ke nan. Mai gona bai kore ta ba, bai zage ta ba, amma wuta ta riga ta.

Don haka roƙona ƙarami ne. A ba ta yini guda. Tsakanin fitar buhu na ƙarshe da shigar wuta ko tarakta, a bar rana ɗaya cur, a kuma aika a faɗa wa waɗanda ya kamata su ji. Yi lissafi da kanka, ɗan'uwa. Abin da ya zube ba zai shiga buhunka ba ko yaya, rabon wuta ne da tsuntsu da gara. Abin da za ka yi hasara shi ne yini guda, da kuma ɗan abin da za ka ce wa yaranka su sassauta hannu a kai. Wanda ya ce yini guda zai hallaka alkamarsa, ya tambayi kansa kwana nawa yakan yi yana jiran mai tarakta.

A nan ne maganar dogara ga Allah take shigowa, domin abin da yake sa mutum ya share gona har ƙwaya ta ƙarshe ba kullum rowa ba ce, sau da yawa tsoro ne. A Maimaitawar Shari'a sura 11 Musa ya kwatanta wa Isra'ilawa ƙasashe biyu. Masar ƙasar ban ruwa ce, mutum yana shayar da shukarsa da ƙarfinsa kamar lambu. Ƙasar alkawari kuwa ruwan sama take sha, idon Ubangiji yana kanta tun daga farkon shekara har ƙarshenta. Jarabar mai noman kanal ita ce ya ɗauka shi mutumin Masar ne: ruwa daga ƙofar ƙarfe yake zuwa, amfanin gona daga buhun taki, saura kuma wayonsa. Amma ina Tiga take samun ruwa? Ruwan sama ne da ya sauka a tuddan kudu, wajen Riruwai da dajin Falgore har zuwa gindin tsaunukan Jos, ya gangaro Kogin Kano aka tare shi. Ruwan da yake shiga fangalinka a watan Fabrairu, a watan Agusta Allah ya aiko shi, ya ajiye maka. Injiniya ya gina tulun, amma bai cika shi ba. Mutumin da ya gaskata wannan zai iya juya baya ga zangarniyar da ta faɗi, ya tafi gida ya yi barci.

Wani zai ce masu kala suna sata. I, akwai masu yi. Akwai yaran da ba sa jira a kwashe, sai su zari dami a bakin gona. Maganinsa tsari ne, kora ba ta warkar da shi. Bo'aza yana da shugaban ma'aikata wanda ya san wadda ta shigo da lokacin da ta shigo. Ka sa babban ɗanka ko wani amintacce ya tsaya, a faɗa musu sarai: nan an gama, ku shiga, can ba a gama ba, ku dakata. Wanda ya san za a ba shi ranarsa, ba safai yake sata ba. Ku kuma iyaye maza, ku ja kunnen samarin da kuka ɗauka aiki. Yarinyar da talauci ya fito da ita gona ba abin wasan kowa ba ce, kuma alhakin abin da ya same ta a gonarka yana wuyanka.

Kada kuma mu tsaya tambayar wace majami'a take zuwa. Rut ba Ba'isra'iliya ba ce. A Kura da Bunkure yawancin matan da za su shigo gonarka Musulmi ne, waɗansu ma baƙi ne da suka zo ci-rani daga nesa. Maƙwabtanmu Musulmi suna fitar da zakkar hatsi a lokacin girbi, suna kuma duban abin da mai bi yake yi da nasa. Abin kunya ne a ce gonar da aka fi saurin cinna wa wuta a layin ita ce ta dattijon ikilisiya. Haka nan matan da suka yini suna shiƙa, a auna musu nasu kafin rana ta faɗi, da kwanon da aka yi alkawari da shi, a cike. Sura 24 ɗin nan da ta yi maganar dami, ita ce ta hana a kwana da hakkin ɗan ƙodago, Yakubu kuma ya maimaita gargaɗin a sura 5 ta wasiƙarsa. Akwai ma irin wannan magana game da ruwa, tsakanin mai gona a bakin kanal da wanda tasa take can ƙarshe, inda ruwa yake isa a gajiye. Wannan sai wani watan.

Saura Na'omi. Ita ba ta je gona ba. Tana gida, Rut ce ta kawo mata hatsin, har da ragowar abincin da ta ci a gona ta ƙunso mata. A kowane ƙauye akwai tsohuwar da ƙugunta ba zai ƙara sunkuyawa ba, ko makaho, ko mai jinya, waɗanda ba su da Rut. Barin gona a buɗe ba zai kai musu kome ba. Wannan aikin Zumuntar Mata ne da matasa. Kafin Lahadi mai zuwa, ku zauna da fasto ko mai bishara ku ƙidaya irin waɗannan gidaje a unguwarku, na masu bi da waɗanda ba masu bi ba. Ku nemi izinin masu gona, matasa su ba da safiyar Asabar guda su yi kala a madadinsu, mata su turara su kai inji, a kai wa kowa tasa har ɗaki. In shinkafa ta riga ta wuce ku a bana, alkama tana nan tafe a watan Maris.