A Huda Akwatin Kifi, Kada A Dogara Ga Bututun Zuƙo

Masu kiwon kifin ado a akwatin gilashi sun daɗe da gane amfanin ajiye wani ƙaramin tanki a ƙarƙashin babban, inda ake ɓoye matata da injin tura ruwa. Ruwa ya gangara ƙasa, a tace shi, inji ya mayar da shi sama. Inda ra'ayi ya rabu shi ne hanyar da ruwan zai bi ya sauka. Wasu sun ce a huda gilashin. Wasu kuwa, don tsoron kada ya fashe, sai su rataya lanƙwasasshen bututu a bakin akwatin ya riƙa zuƙo ruwa, kamar yadda ake zuƙo fetur da tiyo. Ni dai ina tare da masu hudawa.

Bututun zuƙo ba ya aiki sai yana cike da ruwa. Iska kan taru a ƙololuwarsa kaɗan-kaɗan, ranar da ta isa sai zuƙon ya yanke. Shi kuwa inji bai san an yi ba, zai ci gaba da turo ruwa har akwati ya tumbatsa, ɗaki ya jiƙe, tankin ƙasa ya ƙafe. A inda ake yawan ɗauke wutar lantarki abin ya fi muni, domin duk ɗaukewa jarrabawa ce ga zuƙon, sau da yawa kuma babu kowa a gida. Huji kuwa ba ya bukatar komai sai nauyin ruwa.

Sai dai tsoron nasu yana da tushe, domin akwai gilashin da ba ya huduwa ko kaɗan, watau gasasshen gilashi irin na tagogin gefen mota. A masana'anta akan gasa shi ya haura digiri 600 a ma'aunin Salshiyas, sa'an nan a sanyaya shi farat ɗaya da iska. Bayansa ya daskare a matse, cikinsa ya zauna a ɗame. Da zarar an keta fatar nan ta waje, sai ya tarwatse baki ɗaya kamar tsakuwa. Kamfanoni da yawa da shi suke yin gindin akwati, wani lokaci har da bangayen. Saboda haka wajibi ne a gwada tukuna: a kunna farin allon kwamfuta a bayan gilashin, a dube shi ta tabarau mai kashe ƙyallin rana ana juya tabarau ɗin a hankali. Idan aka ga dabbare-dabbare ko layuka masu duhu, to gasasshe ne, a ƙyale shi.

In gilashin na yau da kullum ne, aikin bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Ya kamata mai karatu ya lura cewa ba a huda gilashi yadda ake huda katako, niƙa shi ake yi. Ana amfani da zagayayyen baki mai garin daimon, wanda taurinsa 10 ne a ma'aunin Mohs, na gilashi kuwa wajen 5.5. A kwantar da akwatin, a kewaye wurin da laka a cika da ruwa don kada ya yi zafi, a bar na'ura ta juya sannu ba tare da dannawa ba. Gaggawa a ƙarshen aiki ita ke ɓantare bakin hujin, don haka a manna salatif a bayan wurin. Kada tazarar hujin daga gefen gilashi ta gaza faɗin hujin kansa. A kuma sayi mahaɗin bututu tun kafin a fara, a auna shi. Mai inci 1 galibi hujin milimita 45 yake bukata.

Shawarata ita ce a yi huji biyu, na biyun ya ɗan fi na farko tudu, ya zauna a bushe yana jiran ranar da ganye ko dodon-koɗi zai toshe na farkon. Haka kuma kada a cika tankin ƙasa maƙil, a bar masa sararin da zai ɗauke duk ruwan da zai gangaro idan inji ya tsaya. Kafin a saka kifi ko ɗaya, a kashe injin da gangan a ga inda ruwan zai tsaya.