Wanda Ya Ci Ladan Kuturu: Aikin Depite da Haƙƙin Mutanen Kilomita Biyar

Ranar 30 ga Nuwamba 2015 Paparoma Francis ya shigo Masallacin Koudoukou, a lokacin da Kilomita Biyar take kewaye, mazauna cikinta ba sa iya fita ba tare da sun sayar da rai ba. Mako biyu bayan haka, ranar 13 ga Disamba, mutanen unguwar nan suka fito jefa ƙuri'ar raba gardama kan sabon tsarin mulki, ana harbi, har aka rasa rayuka. Ƙuri'ar da aka saye da jini irin wannan ta fi ƙarfin a musanya ta da buhun shinkafa ko kuɗin sabulu. Shi ya sa ya kamata mu tambayi kanmu, 'yan'uwa, wane aiki ne muke aika depite ya yi mana a Majalisar Dokokin Ƙasa, kuma da wane ma'auni za mu auna shi.

A wurin jama'a da yawa, depite nagari shi ne mai zuwa jana'iza, mai biyan kuɗin asibiti, mai aiko da sukari lokacin azumi. Waɗannan alheri ne, Allah ya saka wa mai yin su. Sai dai kowane attajirin kasuwa yana iya yin su ba tare da an zaɓe shi ba. Abin da depite kaɗai yake iya yi shi ne ya tsayar da minista a gaban majalisa ya tambaye shi ina kuɗin jama'a suka shiga. Doka ta ba shi tambayar baki da tambaya a rubuce. Ta ba shi ikon haɗuwa da abokan aikinsa su kira minista ya zo ya yi bayani, su kafa kwamitin bincike, su tantance kasafin kuɗin shekara layi bayan layi, in abin ya yi tsanani su kaɗa wa gwamnati ƙuri'ar rashin amincewa. Hausawa suka ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Askin depite ke nan, kuma ba shi da daɗi, domin wanda ake yi wa tambayar shi ne yake riƙe da baitulmali da 'yan sanda.

Ƙasar nan ta ga yadda wannan aiki yake idan an yi shi. Tsarin mulkin 30 ga Maris 2016, a sashe na 60, ya wajabta wa gwamnati ta nemi izinin majalisa kafin ta sa hannu a kowace yarjejeniya da ta shafi arzikin ƙasa, sannan ta wallafa ta cikin kwana 8. A ƙasar da take da zinariya da lu'ulu'u da katako, wannan sashe ya kasance babbar garkuwa ga talaka a lokacin da wancan tsarin mulki yake aiki. A 2019 mutanen Bozoum suka koka da yadda kamfanonin haƙar zinariya na 'yan China suka birkita kogin Ouham, ruwan sha ya gurɓace, kifi ya yi ƙaranci. Limamin Katolika na garin, Aurelio Gazzera, ya ɗauki hotuna ya yaɗa, har sojoji suka kama shi na ɗan lokaci. Majalisa ta tura kwamitin bincike, rahotonsa ya tabbatar da cewa an yi wa muhalli mummunar ɓarna, ya kuma nemi a dakatar da aikin. Ba a bi shawarar nan take ba. Sai a 2020 kamfanonin suka tashi, suka bar ramuka cike da ruwa. Duk da haka rahoton ya zama hujja a rubuce da sunan hukuma, wadda 'yan jarida da masu kare haƙƙin ɗan Adam suka riƙa kafa shaida da ita. Kukan ƙauye ya shiga kundin gwamnati, kuma depite ne ya shigar da shi.

Misali na biyu ya fi kusa da aljihunmu. Dokar kasafin kuɗin 2020 ta yanke farashin katin shaidar ɗan ƙasa a sefa 4,500, amma a wurin karɓa aka riƙa neman 6,000. Matasa suka kafa ƙungiyar da suka raɗa wa suna M4500, wasu daga cikin wakilai suka ɗauki maganar har gaban kotu. Wani zai ce sefa 1,500 ba abin tayar da jijiyar wuya ba ne. To, ai batun ya wuce kuɗin. Idan majalisa ta rubuta adadi a doka, wani ofis ya rubuta nasa ya kuma zauna lafiya, to dokar ta zama ado, wakilan da suka yi ta kuma sun zama 'yan rakiya.

Mu da muke 'yan tsiraru a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, wannan magana ta fi shafarmu fiye da kowa. Mai sunan Garba ko Hadiza ya san yadda ake ƙara masa tambayoyi idan ya je neman takarda: a kawo takardar haihuwar uba, a kawo ta kaka, alhali a Bangui aka binne cibiyarsa, Sango kuma a bakinsa yake tun yarinta. Wanda ba shi da kati ba ya wuce shingen hanya cikin kwanciyar hankali, ba ya buɗe asusun banki, ba ya rajistar kasuwancinsa. Ba mu da yawan da za mu rinjayi zaɓen ƙasa, don haka abin dogaronmu bayan Allah shi ne doka ɗaya da za ta hau kan kowa, da wakilin da zai miƙe a zauren majalisa ya tambayi ministan da abin ya shafa wace doka ce ta ce a nemi takardar kakan wani a ƙyale ta wani.

Ba mu manta cewa wannan aiki yana da farashi ba. Abdou Karim Meckassoua, wanda sunansa ba ya buƙatar a fassara wa Bahaushe, ya wakilci gunduma ta 3 ta Bangui, aka zaɓe shi shugaban majalisa a watan Mayun 2016. Ranar 26 ga Oktoba 2018 wakilai 98 daga cikin 140 suka tsige shi. Masu tsige shi sun zarge shi da rashin tafiyar da al'amuran majalisa da kuɗinta yadda ya dace. Shi da magoya bayansa kuma suka ce laifinsa shi ne nacewa a kan sashe na 60. Kwana uku bayan haka Alfred Yekatom, depite kuma tsohon jagoran 'yan Anti-balaka, ya harba bindiga a cikin zauren majalisar, ba a jima ba aka miƙa shi ga Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya. A watan Agustan 2021 Kotun Tsarin Mulki ta raba Meckassoua da kujerarsa. A Disambar 2023 aka kama depite Dominique Yandocka duk da rigar kariyar da doka ta ba wakilai, ya shafe kimanin shekara guda a tsare. Tsarin mulkin 2023 kuma ya mayar da wa'adin shugaban ƙasa shekara 7, ya cire iyakar yawan wa'adi.

Masu cewa majalisa ba ta da haƙori suna da hujja a cikin wannan tarihi, kuma ba mu raina hujjarsu ba. Amma darasin da muka gani a ciki dabam ne. Idan sa-ido a kan gwamnati ya rataya a wuyan mutum ɗaya, ranar da aka kayar da shi komai ya tafi tare da shi. Abin da yake ɗorewa shi ne al'adar tambaya, wadda jama'a suka saba nema daga kowane wakili, na jam'iyya mai mulki ne ko na adawa. Depite na ɓangaren gwamnati ma yana iya tambaya, sau da yawa tasa ce aka fi saurara. A ƙasar Hausa an ga haka. A watan Agustan 1950 Abubakar Tafawa Ɓalewa, malamin makaranta daga Bauchi, mutum mai sanyin hali wanda ba a san shi da tawaye ba, ya miƙe a majalisar Arewa da ke Kaduna ya nemi a binciki tsarin mulkin En'e a gyara shi. Sarakuna ba su ji daɗi ba, Turawa ma haka, amma maganar ta buɗe ƙofar gyare-gyaren da suka biyo baya. Tun kafin shi, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Liya'ul Hukkami a Kano domin ya nuna wa masu mulki iyakokinsu. Tambayar shugaba game da amanar da ke hannunsa gadonmu ne.

Saboda haka ga abin da muke ganin ya dace. Masallaci wurin ibada ne, kada ya zama dandalin yaƙin neman zaɓe. Amma dattawan unguwa, da shugabannin 'yan kasuwa, da ƙungiyoyin mata da matasa suna iya gayyatar depite duk lokacin da majalisa ta tafi hutu, a zauna a harabar makaranta, tare da maƙwabtanmu Kirista, domin kwatar da take ambaliya da damina ba ta tambayar addinin mai gida. A tambaye shi tambayoyi nawa ya gabatar, ga wane minista, me aka amsa masa. A tambaye shi me kasafin bana ya ware wa magudanun ruwa da makarantu da asibitin gundumarmu, nawa aka saki, wa aka ba kwangilar. A samu matasa biyu masu ilimi su rubuta amsoshinsa, a karanta su da Hausa da Sango, a ajiye har zama na gaba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu ma mu kai masa bayanai a rubuce, da kwanan wata da wurin da abin ya faru, domin minista yana iya kauce wa jita-jita amma takarda tana ɗaure shi.

Idan wakili ya san cewa da waɗannan tambayoyi za a tarbe shi, da su zai tafi majalisa. Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, ya zaunar da Kilomita Biyar da ƙasarmu baki ɗaya lafiya.