Wa Ya Ce Zama Shi Ne Girma?

Akwai wata ɗabi'a da ta yi mana katutu a ƙasar Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi. Muna kiran ta ladabi, alhali cutarwa ce. Da mutum ya haura sittin, ko ya yi ritaya, ko ya sauke farali ya dawo da sunan Alhaji, sai a taru a zaunar da shi. Ya miƙa hannu zai ɗauki buta, jika ya riga shi. Ya ce zai leƙa kasuwa, ɗa ya tayar da mashin. Tsohuwa ta ɗauki tsintsiya, matar ɗanta ta fizge: "Haba Inna, muna nan za ki yi shara? Mi mutane za su ce?" Tun da mutane ba sa cewa komai, bari ni in faɗa. Da hannunku kuke kashe ƙafafun iyayenku, kuna kuma jira a sa muku albarka a kai.

Ba da tsohon da har yau yake duƙe da hauya, cikinsa babu komai sai kunun safe, nake magana ba. Wannan abinci da hutu yake buƙata, kuma haƙƙinsa na wuyanmu. Maganata da wanda Allah ya rufa wa asiri ce: tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma, malamin makarantar da ya ajiye alli, ɗan kasuwar da ya bar wa yara shago, Hajiyar da 'ya'yanta ke aiko mata da kuɗi daga Gusau da Kano. Ku dubi yininsu. Daga shimfiɗa zuwa tabarmar ƙofar gida, daga tabarma zuwa majalisa, a sha shayi mai sukari cokali uku, a ci goro, a warware siyasar Abuja, a koma shimfiɗa. In aka ƙirga takun da suka yi daga asuba zuwa isha'i, bai kai na akuyar da ke ɗaure a turke ba.

Jikin ɗan Adam ba ya yi wa kowa ajiya. Tsokar da ba a sa ta aiki, jiki janye ta yake yi. Tun daga shekara talatin tsoka take fara raguwa, kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a kowace shekara goma, kuma bayan sittin raguwar ƙara sauri take. A 2007 wasu likitoci a Amurka sun wallafa abin da suka gani da suka kwantar da dattawa masu lafiya, waɗanda shekarunsu ke wajen 67, a kan gado kwana goma cur. Ba ciwo suke yi ba, kwanciya kawai. A matsakaici, kowannensu ya rasa kusan kilo guda na tsokar ƙafa. Kwana goma ke nan. To yaya wanda aka zaunar shekara biyar?

Mu mutanen Ƙaura ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani. Layin dogo ya iso garin a 1929, nan ne ƙarshensa, ya yi shekaru yana jigilar gyaɗa da auduga da mutane. Nauyin taragu bai kashe shi ba. Da jirgi ya daina zuwa ne tsatsa da ciyawa suka cinye shi. Haka gwiwar Baba take.

Sannan sai abin ya zama zagaye. Ƙafa ta yi rauni, tsoho ya ji tsoron faɗuwa, ya ƙara zama, ƙafa ta ƙara rauni. Wata rana ya tashi zai zaga bayi da dare, ya zame, ƙashin ƙugu ya karye. Duk wanda ya taɓa jinyar tsohon da ya karye a ƙugu ya san ba kowa ke sake tashi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa tana kashe mutum 684,000 a shekara, kuma waɗanda suka haura sittin ne suka fi yawa a ciki. Ga hawan jini, ga ciwon sukari, ga shanyewar ɓarin jiki, duk zaman banza yana yi musu shimfiɗa. In abin ya faru sai mu ce iska ta buge shi, ko an yi masa jifa, mu bazama neman rubutu da turare. Ba wanda zai tuna cewa mutumin nan ya shekara bakwai bai taka da ƙafarsa daga gida zuwa masallacin Juma'a ba.

Iyayenmu dattawa, ku gafarce ni, amma ku ma da naku laifin, kuma ba ƙarami ba ne. Girman kai ne. Wani in ka ce masa ya riƙa zagayawa da safe sai ya harare ka: "Ni yaro ne? In kama yawo a gari kamar wanda ya rasa mafaɗi?" Wani tsoronsa kada a gan shi a ƙasa a ce arziki ya karye. Masallaci na nan bayan gida uku, amma sai an kira ɗan kabu-kabu. Daga ina kuka samo wannan? Ba daga addini ba dai. Ya tabbata cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi tseren gudu da Nana A'isha har sau biyu, ta tsere masa a na farko, ya tsere mata a na biyu. Malamai kullum suna karantar da mu cewa kowane taku zuwa masallaci lada ne, kuma mumini mai ƙarfi ya fi soyuwa wurin Allah a kan mai rauni. Muna jin wannan a wurin tafsiri, mu gyaɗa kai, mu fito mu hau mashin. Ba kuma daga kakanni kuka gada ba. Namoda da garin ya ci sunansa mayaƙi ne, kuma waɗanda suka ci Alƙalawa a 1808 ba a kan tabarma suka ci ta ba. Fataken da suka riƙa kai kaya kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis, kafin mota ta wadata, da ƙafa da jaki suke zuwa, furfura fal a kansu.

Ku tambayi duk wanda ya je aikin Hajji. Safa da Marwa kaɗai, sau bakwai, ta haura kilomita uku, ban da ɗawafi, ban da tafiyar jifa a Mina. Mutum ya shekara ashirin yana tara kuɗin kujera, bai yi wata guda yana shirya ƙafarsa ba, ya je can a dinga tura shi a keke, ba don wata cuta ba sai don lalacewar da ya jawo wa kansa.

Na san abin da za a ce mini, kuma gaskiya ne: ina ake da sukunin motsa jiki a ƙasar da ba a barci da ido biyu? A watan Yuli na 2025 duniya ta ji labarin ƙauyen Banga, inda 'yan bindiga suka kashe sama da mutum talatin daga cikin waɗanda suka sace, bayan an kai musu kuɗin fansa. Wannan jini yana kan waɗanda suka zubar da shi da waɗanda aka ɗora wa alhakin tsare mu, kuma ba tattaki ne maganinsa ba. Amma ku lura da wata ɓarnar da ba a ƙirgawa. Gona ce ta riƙe jikin tsofaffinmu tun fil azal: sharar gona, shuka, noma, girbi, ɗaukar dami. Yanzu gonakin nesa sun gagara, hanyoyin ƙauye sun gagara, dattawa da yawa sun dawo cikin gari suna zaune a gidajen dangi, hannu rabbana. Aikin da yake motsa su ya tafi, ba a maye gurbinsa da komai ba. Kuma ranar da aka ce a tashi cikin dare, kowa ya san wanda ake goyawa da wanda ake bari a baya. A irin wannan ƙasa, wanda ya lalata ƙafar uwarsa da sunan tausayi ya yi mata mugun ƙulli.

Iyaye mata su suka fi shiga uku a wannan lamari, su kuma aka fi mantawa. Namiji ko ba komai yana fita majalisa. Ita kuwa injin niƙa ya karɓe daka, yara sun karɓe jan guga, surukai sun karɓe sauran, aka bar ta da carbi da rediyo a ƙuryar ɗaki. Ba cewa nake a mayar da ita baiwa ba. Cewa nake in ta ce za ta share tsakar gida, ko ta yi tankaɗe, ko ta ba awaki dusa, ko ta taka zuwa barka a unguwa, a sakar mata mara.

Kada kuma wani ya ce ai an makara. A 1990 an fitar da sakamakon wani gwaji da aka yi a gidan kula da tsofaffi a Boston ta Amurka, kan mutum goma 'yan shekara 86 zuwa 96. Mako takwas suka yi suna ɗaga nauyi da ƙafa, ƙarfin ƙafafunsu ya ninka fiye da sau biyu. 'Yan casa'in fa. Kai mai sittin da biyar, wace hujja ta rage maka?

Abin da ake nema ba wani tashin hankali ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce wanda ya kai 65 ya samu aƙalla minti 150 a mako na motsi matsakaici, wato wajen rabin awa a rana, kwana biyar a mako, tafiyar da za ta ɗan ɗaga numfashi amma ba ta hana magana ba. Ya haɗa da abin da zai ƙarfafa tsoka kwana biyu a mako, da abin da zai gyara tsayuwa kwana uku. Ba sai an sayi wandon 'yan ƙwallo ba, ba sai an fita bayan gari inda ake tsoro ba. Bayan sallar asuba, in gari ya waye, dattawa uku ko huɗu su zaga unguwa tare kafin rana ta yi zafi. A cikin gida, a zauna kan kujera a miƙe ba tare da dafa gwiwa ba, sau goma. A dafa bango a tsaya da ƙafa ɗaya. A ɗaga galan mai ruwa. Sallar ma, mai iko ya yi ta a tsaye da ruku'u da sujada cikakku. Kujerun roba da suka fara yawa a sahu, wasu na larura ne, wasu kuwa na sangarta.

Mai hawan jini ko ciwon sukari ya fara zuwa asibiti a auna shi, ya ci gaba da shan maganinsa, don tafiya ba ta maye gurbin ƙwaya. Wanda ya ji ƙirjinsa ya ɗaure, ko jiri, ko numfashi ya sarƙe, ya tsaya nan take a kai shi ga likita. Ciwon gwiwa na tsufa kuwa ba hujjar zama ba ne, don yawanci motsi a hankali sauƙi yake kawo masa. Su kuma limamai da hakimai da masu unguwanni, waɗanda in suka yi abu gari ke kwaikwayo, su fara. Ranar da aka ga hakimi ya tako da ƙafa zuwa masallaci, babu Alhajin da zai sake cewa tafiya zubar da girma ce.